Garwashin Jirgin Kwal

Wutar da ke murhun Kaka Dinatu ta girme ni, ta girmi yayana Mordecai, kaɗan ya rage ta kamo babanmu Sati a shekaru. Kowa a layinmu na Unguwar Gabas, a Sabon Gari, ya san tarihinta.

Kakanmu Martin ma'aikacin reluwe ne tun zamanin da jirgin ƙasa ke tafiya da kwal. Aikinsa shi ne zuba kwal a cikin injin da shebur. A lokacin matan ma'aikata ba sa wahalar hura wuta da safe. In ana ɗuma jirgi a loko, inda ake ajiye injinan jirgi, sai su je da kasko a ɗebo musu garwashi. Wata safiya Kaka ta je, shi da kansa ya cika mata kaskon, ya ce ta ajiye masa waina, jibi zai dawo. Jirgin ya tafi Ƙauran Namoda. A can zazzaɓi ya kama shi, a can aka binne shi. Kaka ba ta taɓa ganin kabarin ba. Abin da ya rage mata daga hannunsa shi ne garwashin nan. Ta hura shi a murhu, ta ɗora tanda, ta ci gaba da tuyar waina, ba ta kuma yarda ashana ta kusanci murhun ba.

A hannunta na tashi, domin iyayenmu suna ƙauye suna noma. Ita ta koya mini yadda ake kwantar da wuta. In an gama tuya, sai a tura gungumen kirya cikin garwashi, a bari bakinsa ya yi ja, a lulluɓe da toka. Ba a dannewa, ba a kuma barinsa a buɗe. Da safe a tone a hankali da tsinke, sai a ga jan yana nan yana jira.

Tsakaninmu da gidan Inna Barakatu gajeriyar katanga ce. Inna ƙuli-ƙuli take yi da man gyaɗa, sa'ar Kaka ce. Tun ina ƙarama nake ganin wani tsohon kasko mai tsagaggen baki yana tsallaka katangar nan.

"Uwar Sati, a sammana wuta!" Inna za ta kira.

"Ke dai har ki mutu ba za ki sayi ashana ba," in ji Kaka.

"In sayi ashana ina da ke? Miƙo, gyaɗata na jira."

Yaya Mordecai yakan yi dariya ya ce da wuta bashi ce, da Inna ta sayar da gidanta ba ta gama biya ba.

Akwai kuma Malam Bappa. Tsoho ne dogo, ya yi ritaya daga koyarwa a jami'a, gidansa na Samaru. A ƙasar Rasha ya yi karatun injinan noma yana saurayi. Kowace Asabar yakan zo har Sabon Gari cin waina da miyar taushe, alhali masu waina sun cika Samaru. Kafin ya zauna a benci sai ya tsaya gaban murhun, ya sa hannu a ƙirji, ya ce, "Vechni ogon." Kaka ta ce, "Kai da Rashancinka. Zauna kafin ta huce."

Da farkon damina Kaka ta rasu. Ba ta yi doguwar jinya ba. Ranar da aka kai ta, gidan cike da 'yan coci da maƙwabta, na zame na je na duba gungumen, na ƙara masa toka. Bayan an watse na ci gaba da tuya. Masu saye ba su ragu ba, sai dai sun saba da surutun Kaka, ni kuwa gaisuwa ce kawai sai in sunkuyar da kai.

Ba a daɗe ba magadan mai gidan da muke haya suka sayar da shi. Za a rushe a gina shaguna. Yaya Mordecai, wanda ke tuƙa keke mai ƙafa uku tsakanin PZ da Samaru, ya samo mana ɗaki a bayan wasu gidajen ɗalibai. Ɗakin na da tayil, an kuma ce ba a yarda da wutar itace a tsakar gidan ba.

Malam Bappa ne ya fid da ni. Asabar ta ƙarshe ya ce akwai rumfa a ƙofar gidansa, inda yake ajiye tsohuwar motarsa da, in kafa murhu a nan. Na yi godiya. Sai na samu kaina ina tambayarsa abin da na daɗe ina so in sani.

"Baba, mene ne ma'anar abin da kake cewa?"

"A'a! Yau jikar Dinatu ta yi magana. Mordecai, zo ka shaida."

Yaya ya matso da faranti a hannu.

"A Mosko," in ji Malam, "akwai wani wuri gindin ganuwar fadarsu inda aka binne sojan da ba a san sunansa ba. A gaban kabarin wuta na ci dare da rana, ko ƙanƙara na zuba. Don waɗanda suka tafi yaƙi ba su dawo ba aka kunna ta. Na sha ganin amarya da ango sun zo da furanni ranar aurensu. Ba kuma ashana aka ƙyasta mata ba. Daga wata irinta da ke Leningrad aka ɗebo, aka kawo ta a mota. Ita ce suke kira Vechni ogon."

"Wato wutar soja," in ji Yaya.

"Ci wainarka. Ogon shi ne wuta. Tsohuwar kalma ce ƙwarai, tana da dangi a ko'ina. Indiyawan da suna cewa agni. Kai ma kana taɓa ɗan'uwanta kullum. Inda kake murɗa makullin kekenka me kuke ce masa?"

"Iginishin."

"To, kakansu ɗaya."

Yaya ya ce shi ya sa nasa ke ƙin tashi da safe, ashe tsufa ne.

"Vechni kuma," Malam ya juyo gare ni, "shi ne abin da ba ya ƙarewa. Amma tushensa wata 'yar kalma ce, vek. Yau in Barashe ya ce vek, ƙarni yake nufi. Mutanen da kuwa in sun faɗe ta, tsawon ran mutum suke nufi, daga haihuwa zuwa kabari. Da wannan suka gina kalmar har abada. Ni abin ya daɗe yana burge ni. Kakarki ta yi nata vek ɗin a gaban murhun nan. Saura naki."

Na ji kamar an ɗora mini buhu a ka, na kuma ji daɗin nauyin.

Ranar tashi, Yaya ya fara kai kaya, ya dawo ɗaukata. Masu cire kwano har sun hau saman ɗakinmu. Na sare bakin gungumen mai wuta, na sa a sabon kasko da garwashi, na rufe da toka, na kifa murfin tukunya. Inna Barakatu ta leƙo ta katanga tana cewa wani abu, amma ƙarar guduma ta hana ni ji, kuka kuma na neman ƙwace mini. Na ɗaga mata hannu kawai na fita.

"Ƙauna, kin san akwai fetur a ƙarƙashin kujerar nan ko?" in ji Yaya. "In muka tashi sama, ke za ki yi wa Kaka bayani."

"Yi tuƙinka, Yaya."

Hadari ya haɗu tun muna PZ. Muna isa Kwangila ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Yaya ya saki labulen keken, na rungume kaskon a cinya, zafinsa na ratsa tsumman da na naɗa. Motoci sun cunkushe a ƙarƙashin gada. Muka daɗe a tsaye, sai tsoro ya kama ni kada wutar ta shaƙe. Na ɗaga murfin don ta sha iska. Daidai nan wata tirela ta wuce ta gefenmu, ta taka ruwan da ya kwanta a titi. Ruwan ya ɗaga labulen ya shigo gaba ɗaya. Na ji kaskon ya yi tsuwa, farin tururi ya bugi fuskata.

Na tona da yatsa. Baƙin taɓo ne kawai. Na ɗauki guntun kiryar na hura, na hura, har kaina ya fara juyawa. Babu ko ɗigon ja.

Yaya ya gangara gefen titi ya kashe keken. Sannan ya zaro ashana daga aljihu, ya yi magana a hankali.

"Ƙanwata, daga ni sai ke. In mun isa mu shanya itacen nan mu kunna. Itacen Kaka ne ai. Wa zai sani?"

"Malam zai zo ya sa hannu a ƙirji," na ce. "Ni kuma ina tsaye ina kallonsa."

"To me kike so mu yi?"

"Mu koma. Ƙila wani garwashi ya rage a murhu."

Bai yi gardama ba. Ya juya keken.

Da muka isa, rumfar murhun ba ta da kwano. Duwatsun na tsaye cikin ruwa, toka ta bi lambatu. Na durƙusa duk da haka na tona har ƙasa. Sanyi ne kawai. Tun rasuwar Kaka ban yi kuka irin na wannan lokacin ba. Wata nawa kacal a hannuna, abin da ta riƙe tun ƙuruciyarta na kashe.

"Ke 'yar nan! Kukan me kike yi a gidan da ba rufi?"

Inna Barakatu ce a bakin katanga, ta yafa buhu a ka. Na ɗaga mata kaskon ta gani.

"Ta mutu, Inna."

"Ina kiranki ɗazu kika yi gaba kamar an koro ki. Zagayo. Kai ma, sarkin dariya, zagayo."

Ban taɓa shiga madafin Inna ba, domin kullum ta katanga ake magana. Ɗan ɗaki ne baƙi ƙirin, yana ƙamshin gyaɗa. A kusurwa akwai tudun toka. Ta ɗauki tsinke ta tona a hankali, daidai yadda Kaka ke yi. Bakin gungumen kirya ya bayyana, ja wur.

"Ga wutar Martin," ta ce.

Na durƙusa na duba gungumen da kyau.

"Kin zaci kaskon nan hanya ɗaya ya sani? Shekarar da ruwa ya shiga gidanku har gwiwa, a ina kakarki ta samo wuta? Da aka yi mata aikin ido ta kwanta a asibiti fa? Lokacin tashin hankalin nan da kuka kwashe kuka tafi bariki, kina 'yar mitsitsiya a bayanta, wa ke ba murhun itace? Aljanu?"

"Amma Kaka ta ce ba ta taɓa mutuwa ba."

"Gaskiya ta faɗa. Makon da aka kawo labarin Martin, ni amarya ce a gidan nan. Ta miƙo mini kasko ta ce, 'Barakatu, riƙe mini rabi, ni kaɗai ba zan iya ba.' Tun ranar ban ƙyasta ashana a ɗakin nan ba. In tata ta kwanta ta ɗiba a nan, in tawa ta kwanta in ɗiba a can. Kakarki takan ce wutar ta je gaida maƙwabta ne."

Yaya Mordecai ya sosa ƙeya. "Inna, ashe mu ake bi bashin."

"Ai na ji ka duk shekarun nan. Ɗauko mini gatari."

Ta sa ya sare bakin gungumen gida biyu. Rabi ta sa a kaskona bayan ta goge shi ta ɗuma, rabi a tsohon kaskon nan mai tsagaggen baki. Ta bar wa kanta garwashi, ta tura sabon itace. Sai ta shiga ɗaki ta fito da mayafin unguwa da takalmi.

"Ina za ki, Inna?" in ji Yaya.

"Samaru. Wa ya ce muku ana tafiya da kasko ɗaya? Rabona da can tun ana hawa bas mai katako. Ka tuƙa a hankali, ba buhun masara ka ɗauko ba."

Ruwa ya koma yayyafi. Muka zauna a baya, ita a dama ni a hagu, kowa da kasko a cinya. In na ɗaga murfina, nata a rufe. In ta ɗaga nata, in rufe nawa. A Kwangila Yaya ya bi can gefe kamar mai tsoron kare, Inna tana yi wa kowace tirela addu'ar shiriya da ƙarfi. Muka wuce Hanwa, muka wuce Palladan, hayaƙi siriri na fita ta bayan keken. Wani ɗan acaɓa ya bi mu yana ihu wai mun kama da wuta. Inna ta leƙa ta ce masa, "Mun sani, ɗana, tamu ce."

Malam Bappa na tsaye a rumfa da lema, ya riga ya sa an jera duwatsun murhu. Na durƙusa na juye kaskona, na jera ƙirare, na hura. Harshen wuta ya tashi. Ban ɓoye masa komai ba. Na faɗa masa abin da ya faru a Kwangila da inda muka samo wannan. Ya saurara har ƙarshe, ya dubi Inna, ya cire hularsa ya mayar.

"Hajiya, ashe shekara da shekaru rabin gaisuwa nake yi."

"Ba komai, Malam, tana isowa ta katanga."

Sannan ta miƙo mini tsohon kaskon. "Wannan ba zan koma da shi ba. Sabon Gari ya yi miki nisa, ni kuma na tsufa. Nemo mata gida na biyu a nan, yau, tun tana da rai."

Malam ya ce iyalinsa da gas suke girki. Gidajen layin duk na ɗalibai ne. Sai ya nuna tsallaken titi, inda wata mata mai jiki ke tsugune a wata rumfa tana fama da jiƙaƙƙen itace, tana cusa leda a ƙarƙashi, baƙin hayaƙi na tashi. Ya ce Maman Nedu ake kiranta, doya da dankali take soyawa. Ɗalibai sun cika bencinta suna jira suna surutu.

"Yaya, je ka mana," na ce.

"Shi ne mai wutar?" in ji Inna.

Na dubi titin. Ni da ko a coci ban taɓa tashi na yi magana ba. Amma kaskon ya fara hucewa a hannuna. Na gyara ɗankwali na tsallaka.

Ɗaliban suka juyo suna kallona. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ɗago, idanunta sun yi ja don hayaƙi.

"Wetin? Me kike so? Doya bai yi ba tukuna, 'yata."

"Ba doya na zo saya ba, Mama. Wuta na kawo miki."

Na buɗe murfin. Ba ta tsaya tambaya ba, ta janye ledar ta ba ni wuri. Na juye garwashin, na sa guntun kiryar a tsakiya, na jingina itacenta a kai don ya bushe. Kafin a jima man ya fara ƙara. Wani ɗalibi ya tafa.

"Allah ya yi miki albarka. Ke 'yar wa?"

Na ce ni jikar Martin ce, mai zuba kwal a jirgin Ƙauran Namoda, da Dinatu mai waina ta Unguwar Gabas. Na faɗa mata daga ina wutar ta fito, da wadda ta riƙe rabinta. Na ce abu ɗaya nake roƙo, kada ta zuba mata ruwa in ta tashi, zan zo in nuna mata yadda ake kwantar da ita. In tawa ta mutu in ɗiba a nan, in tata ta mutu ta aiko.

Maman Nedu ta juya doyarta. Sannan ta ce babanta ma reluwe ya yi wa aiki, a Inugu, tana tuna baƙin kwal a farcensa.

"Wato ba ashana, ba kananzir, har abada?"

"Iya tsawon ranki dai, Mama," na ce. "Daga nan wani ya karɓa."

Ta yi dariya har cikinta na motsi. Ta karɓi tsohon kaskon, ta duba tsagar bakinsa, ta kife shi a kan katangar rumfarta inda hannu zai kai.

Da na tsallako, Inna ta riga ta ɗora tanda ta shafa mai, tana faɗa wai ƙullun ya kusa yin tsami. Na karɓi ludayin. Wainar farko na sa wa Malam Bappa a faranti. Bai zauna ba tukuna. Ya tsaya gaban murhuna ya sa hannu a ƙirji ya faɗi kalmominsa, sannan ya juya ya fuskanci tsallaken titi, inda hayaƙin Maman Nedu ya koma fari, ya sake faɗa.

"Zauna, Baba," na ce, "kafin ta huce."